Me ya sa 'yan libaral na dauri ke sukar gurguzu? Sharhi kan farashi, iko da abincin talaka

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, aka kuma saki naira a tsakiyar Yuni ta nemi farashinta a kasuwa, gardamar da a da sai a jami'a ko taron ƙungiyar ƙwadago ake jinta ta dawo bakin kowa. Wannan ya ce gwamnati ta ƙayyade farashin kayan abinci kawai a huta, wancan ya ce ai gurguzu kenan kuma gurguzu ya mutu tun 1991, wani ya ce to ita jari-hujjar me ta tsinana mana. Sau da yawa kowa da abin da yake nufi daban, shi ya sa ba a zuwa ko'ina. Ita dai wannan gardama a Turai aka haife ta, ta haura shekara 150, kuma waɗanda suka fi tsara hujja a kan gurguzu su ne masu ra'ayin da ake kira libaral na asali.

## Su waye masu gardamar

'Yan libaral na dauri su ne masu cewa mutum yana da haƙƙin mallakar dukiyarsa, ya saya ya sayar da wanda ya ga dama, gwamnati kuma ta tsaya kan tsaro da shari'a da cika alƙawarin ciniki da wasu ayyukan da kasuwa ba za ta iya ba, kuma doka ta hau kan kowa har mai mulki. Kakansu a fannin tattalin arziki shi ne Adam Smith na Sikotland da littafinsa na 1776, sai Frederic Bastiat a Faransa wanda ya rasu a 1850, sai 'yan Ostiriya biyu da za mu fi daɗewa a kansu, Ludwig von Mises da Friedrich Hayek, sai Milton Friedman a Amurka. A kula, ba su ne waɗanda ake kira libaral a siyasar Amurka ta yau ba, waɗancan sun fi son gwamnati ta sa hannu sosai.

Gurguzun da suke suka kuwa, a ma'anar da Karl Marx da mabiyansa suka ba shi, shi ne a cire masana'antu da gonaki da bankuna da ma'adinai daga hannun ɗaiɗaikun mutane su koma na al'umma, wanda a aikace hannun gwamnati kenan, sannan maimakon kasuwa ta yanke abin da za a ƙera sai hukuma ta tsara. Dalilin da ya haifi ra'ayin ba ƙarami ba ne: a masana'antun Ingila na ƙarni na 19 yara ƙanana na aikin sa'o'i goma sha biyu ko fiye, ma'aikaci na kwana a ɗakin da ba iska alhali mai masana'anta na tara dukiya. Gwamnati ta gina asibiti ko makaranta kyauta ba shi ne gurguzu a wannan ma'anar ba, kuma wannan bambancin zai sake dawo mana a gaba.

## Lissafin da ba ya yiwuwa

Suka mafi ƙarfi ta fito a 1920, lokacin da juyin juya halin Rasha bai fi shekara uku ba, kuma wani masani Otto Neurath yana ta kiran a tafiyar da tattalin arziki babu kuɗi kwata-kwata, a riƙa lissafi da kaya tsagwaronsu kamar yadda ake yi lokacin yaƙi. Mises ya rubuta maƙala ya ce ku bar batun ko shugabannin gurguzu mutanen kirki ne, mu ɗauka duk waliyyai ne, mu ɗauka ma'aikata ba za su yi lalaci ba, duk da haka tsarin ba zai iya lissafi ba.

Ga yadda hujjar take. A ce kai ne shugaban hukumar tsare-tsare, an kawo maka tan dubu na ƙarfe. Za a iya shimfiɗa layin dogo da shi, za a iya ƙera taraktoci, za a iya yin rodin gina asibiti, za a iya yin tukwane. Ko layin dogon ma, a fasa dutse ya bi ta ciki ko a kewaye dutsen a ci ƙarin ƙarfe da ƙarin gawayi kullum? Injiniya zai gaya maka duka suna yiwuwa, amma ba zai iya gaya maka wanne ne ya fi rage asara ba, domin ƙarfe da siminti da gawayi da gumin lebura ba ma'auni ɗaya ake auna su da shi ba. A kasuwa farashi ne ke haɗa su a sikeli guda, ɗan kwangila ya tara kuɗin kowace hanya ya ga wadda ta fi araha, kuma arahar nan na nufin ya bar wa sauran mutane kayan da suka fi buƙata a wani wurin. To farashin ƙarfe daga ina yake fitowa? Daga masu shi da ke sayarwa da masu neman saya da ke tayawa. In gwamnati ce mai ma'adinin, ita ce mai masana'antar narkawa, ita ce mai jirgin ƙasan, babu ciniki na gaske tsakaninsu, kaya ne kawai ke tashi daga wannan sito zuwa wancan, lambar da aka rubuta a takarda a matsayin farashi wani ma'aikaci ne ya ƙirƙira a ofis. Don haka za a yi ta aiki, za a yi ta ƙera kaya, amma ba mai sanin ko ana gina arziki ne ko ana cinye shi.

'Yan gurguzu masu ilimi ba su raina wannan hujja ba. Oskar Lange, ɗan Polan, ya amsa a 1936 har ya ce Mises ya cancanci a kafa masa gunki a zauren ma'aikatar tsare-tsare saboda ya tilasta musu fuskantar matsalar. Maganinsa shi ne hukuma ta yi koyi da kasuwa: ta sa farashi, in ta ga kaya sun yi kwantai a sito ta rage, in ta ga sun yanke ta ƙara, a haka a haka har a daidaita. Masana da yawa a lokacin sun ɗauka Lange ya gama magana.

## Ilimin da ke warwatse a kawunan mutane

Hayek ne ya ɗauki gardamar daga nan, musamman a wata maƙala ta 1945. Ya ce Lange ya ɗauka bayanan da ake buƙata suna ajiye ne a wani wuri sai dai a tattaro su, alhali yawancinsu ba su rubutuwa. Manomi ya san wane ɓangaren gonarsa ke riƙe ruwa, direban babbar mota ya san zai dawo wayam daga wani gari don haka zai iya ɗaukar kaya da rabin kuɗi, mai shago ya lura mutanen unguwa sun fara komawa sayen ƙaramin ƙulli. Irin wannan sanin na wuri ne da lokaci, gobe ya canza, kuma kafin a cike fom a aika babban birni a dawo da umarni ya riga ya tsufa.

Misalin da ya bayar na kuza ne, irin wadda aka daɗe ana haƙa a Jos. A ce kuza ta yi ƙaranci a duniya, ko don wata mahaƙa ta rufe ko don an gano sabon amfaninta. Masu amfani da ita ba sa buƙatar sanin wanne ne dalilin, farashi kawai ya tashi, sai mai yin gwangwani ya fara tsimi, wani ya koma wani ƙarfen, mai tsohuwar mahaƙa ya ga yanzu buɗe ta zai biya, dubban mutanen da ba su san juna ba kowa ya gyara tafiyarsa ba tare da an ba shi oda ba. A wurin Hayek farashi saƙo ne, kuma duk wanda ya daskarar da shi da doka ya yanke wayar da saƙon ke bi.

Akwai kuma abin da tsarin Lange bai amsa ba: wa zai gwada sabon abu? Ɗan kasuwa na jefa kuɗinsa, in ya ci riba nasa ne, in ya faɗi shi ya faɗi. Manajan kamfanin gwamnati kuwa in gwajinsa ya yi kyau sai a ƙara masa adadin da zai cika baɗi, in ya lalace a tuhume shi, to me zai kai shi?

## Abin da aka gani a ƙasa

Tarayyar Sobiyet ta gwada soke ciniki tsakanin 1918 da 1921, ana ƙwace hatsin manoma da ƙarfi, noma ya durƙushe, har Lenin da kansa ya ja da baya a 1921 ya bar ƙananan 'yan kasuwa su dawo. Daga 1928 Stalin ya shigo da shirin shekara biyar-biyar da gonakin haɗaka na dole, yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyi a Yukren da Kazakistan da wasu sassan Rasha. A Chaina yunwar da ta biyo bayan shirin Mao na 1958 ta ci miliyoyi masu yawa fiye da haka, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne jami'an ƙauye na aika alƙaluman girbi na ƙarya don tsoro, gwamnati kuma ta karɓi kasonta bisa ƙaryar.

Ko a shekarun zaman lafiya matsalar lissafin ta riƙa fitowa ta hanyoyi masu ban mamaki. Da yake ana auna aikin masana'anta da nauyi, shugaban Sobiyet Khrushchev ya taɓa ƙorafi cewa masu ƙera fitilun rataye na yin su da nauyin tsiya don kawai su cika tan ɗin da aka yanka musu. Burodi ya yi arahar da har ana ciyar da dabbobi da shi saboda ya fi abincin dabbobin sauƙi. Mutumin Mosko kan fita da 'yar jakar raga a aljihu ko da ba shi da niyyar sayayya, in ya ga layi sai ya shiga tukuna sannan ya tambayi me ake sayarwa. A Jamus ta Gabas sai ka jira fiye da shekara goma kafin motar Trabant da ka yi rajista ta iso. Masanin Hungari Janos Kornai, wanda a cikin tsarin ya rayu, ya bayyana a 1980 cewa ƙarancin kaya ɗabi'ar tsarin ce, domin kamfanin da ya san ko ya yi asara gwamnati za ta cike masa ba ya da dalilin tsimi, sai ya yi ta ɓoye kayan aiki da ma'aikata.

'Yan ƙananan filayen da aka bar wa manoman Sobiyet a bayan gida, kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙasar noma, su ke ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gona, kodayake a yi adalci, dabbobin da ake kiwo a wurin na cin abincin da ya fito daga gonar haɗaka. A 1978 kuma manoma 18 a ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui a Chaina suka taru a ɓoye suka dangwala yatsa a takarda cewa za su raba gonar haɗaka gida-gida, kowa ya ba gwamnati kasonta ya riƙe saura, da sharaɗin in an kama wani sauran za su riƙe masa 'ya'ya. Girbinsu ya yi tsalle a shekara guda, kuma cikin 'yan shekaru gwamnatin Deng Xiaoping ta mai da abin tsarin ƙasa.

## Wanda ya riƙe abincinka

Suka ta biyu ta siyasa ce. A littafinsa na 1944 Hayek ya ce in gwamnati ce kaɗai mai ɗaukar aiki, ita ce mai gidan haya, ita ce mai injin buga jarida da takardar bugawa, to ba sai ta haramta adawa da doka ba, ya isa ta hana ka aiki. Kuma da yake mutane ba za su taɓa yarda baki ɗaya kan me za a fifita ba, majalisa za ta gaji da gardama ta miƙa wa ƙwararru, ƙwararru su nemi ƙarin iko don shirin ya tafi, a ƙarshe wanda ba ya jin nauyin tilasta wa mutane shi ke hawa sama. Bastiat tun kafin nan ya yi gargaɗin cewa in doka ta zama hanyar karɓa daga wani a ba wani, kowa zai koma kokawar kama doka maimakon sana'a.

## Me 'yan gurguzu suka ce

Amsoshinsu ba na wasa ba ne. Ta farko, 'yancin da libaral ke magana a kai wane irin 'yanci ne ga wanda ba shi da gona ba shi da jari, wanda in bai karɓi aikin da aka ba shi yau ba yaransa ba za su ci ba? Marubucin Birtaniya George Orwell, da yake bitar littafin Hayek, ya yarda akwai gaskiya a ciki amma ya ce matsalar gasa ita ce wani ne ke cinye ta, daga nan sai babakere. Ta biyu, dukiyar da ake cewa a kare, da yawanta ta samo asali ne daga cinikin bayi da mulkin mallaka da ƙwacen ƙasa. Ta uku, Sobiyet ɗin da ake zagi ta tashi daga ƙasar manoma zuwa wadda ta harba tauraron ɗan adam na farko a 1957, ta kuma yaƙi jahilci, haka Tanzaniya ta Nyerere bayan sanarwar Arusha ta 1967 da ta ɗora ƙasar kan tafarkin gurguzu, ta yi nisa a karatun manya duk da cewa tara mutane a ƙauyukan Ujamaa da ƙarfi ya cutar da noma.

Inda suka fi samun Hayek shi ne hasashensa cewa riƙe tattalin arziki a hannun gwamnati zai kai ga kama-karya. Birtaniya ta zaɓi jam'iyyar Leba a 1945, ta mai da ma'adinan gawayi da jiragen ƙasa na gwamnati, ta kafa hukumar lafiya kyauta a 1948, kuma ba ta zama kama-karya ba, Suwidin da Denmak ma ba su zama kama-karya ba. A ɗaya gefen Chili ƙarƙashin mulkin soja na Pinochet daga 1973 ta buɗe kasuwa alhali ana azabtar da 'yan adawa, kuma Hayek ya ziyarci ƙasar ya yi kalaman da har yau ake riƙe shi da su. 'Yan libaral na amsa cewa ƙasashen arewacin Turai kasuwa ce ke gudana a cikinsu, kamfanoni na masu su ne, farashi a sake yake, haraji ne kawai mai yawa, har firaministan Denmak ya faɗi haka a Amurka a 2015. Wannan gaskiya ne, amma yana nufin hujjar lissafi ta Mises ta fi cin gwamnatin da ta mallaki komai, ba ta cika cin wadda ke karɓar haraji ta biya kuɗin asibiti ba. Shi kansa Hayek ya yarda a tabbatar wa kowa mafi ƙarancin abinci da sutura da matsuguni, shi ya sa Keynes, masanin tattalin arzikin Birtaniya mai goyon bayan gwamnati ta sa hannu, ya rubuta masa cewa ya yarda da shi, saura tambayar a ina za a ja layin. A kan tsara tattalin arziki daga ofis ɗaya dai tarihi ya fi goyon bayan 'yan libaral, kuma yawancin jam'iyyun gurguzu na Turai sun bar wannan buri da kansu. Wasu yanzu na cewa kwamfuta za ta warware lissafin, Lange ma ya faɗi haka a shekarun 1960, masu bin Hayek kuma na cewa kwamfuta ba ta lissafa bayanin da ba a riga an samar ba.

## Inda abin ya taɓa mutanenmu

Najeriya ba ta taɓa zama ƙasar gurguzu ba, ko gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna a 1979 abin da aka fi tuna su da shi soke haraji da jangali ne. Amma mun ɗanɗana gwamnati mai sa farashi. Hukumomin sayen amfanin gona da Turawan mulkin mallaka suka kafa, su kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa da auduga waje, an ce don a kare manomi daga hawa da saukar farashi ne, sai ya zama ana biyansa ƙasa da farashin duniya ana tara rarar a hannun gwamnati. Peter Bauer, masani mai ra'ayin libaral, ya yi nazarin cinikin Afirka ta Yamma a 1954 ya ce wannan haraji ne a ɓoye kan mafi talaucin mutane. Masu kare tsarin na nuna tituna da makarantun da aka gina da kuɗin. A 1986 aka rushe hukumomin.

Ga mai karatu Musulmi batun ba baƙo ba ne, akwai hadisin Anas cewa farashi ya tashi a Madina aka nemi Annabi (SAW) ya ƙayyade, ya ce Allah ne mai sanya farashi, sannan malamai irin su Ibn Taimiyya sun halatta hukuma ta sa baki in 'yan kasuwa sun ɓoye kaya ko sun haɗa kai don cutar da jama'a.

A aikace, in aka daskarar da farashi ƙasa da na kasuwa, abin da aka saba gani shi ne layi, sai 'yan bumburutu da jarkoki a bakin gidan man da aka ce babu mai, sai tankoki na tsallaka iyaka zuwa Nijar da Benin da Kamaru, mai hanya ya samu a farashin gwamnati, marar hanya ya saya a na bayan fage. In kuma aka saki farashin rana ɗaya, kamar yadda litar mai ta kusan ninka uku cikin kwanaki a 2023, mai albashi da ɗan adaidaita da mai sayen awo kullum su ke fara shan wuya tun kafin a ga wani amfani. Shawarar irin su Friedman ita ce a bar farashi ya faɗi gaskiya a ba talaka kuɗi a hannu, sai dai hakan na buƙatar rajistar da aka yarda da ita da jami'an da ba za su karkatar ba, wato dai gwamnatin da su 'yan libaral ɗin ba su amince da ita ba tun farko.

Sayar da kamfanin gwamnati shi kaɗai ma bai cika sharaɗinsu ba. Adam Smith ya yi gargaɗin cewa 'yan sana'a ɗaya ba su cika haɗuwa ba tare da hirar ta ƙare a ƙulla yadda za a ƙara wa jama'a farashi ba, kuma a Rasha ta shekarun 1990 'yan tsiraru masu kusanci da fada ne suka kwashe manyan kamfanonin mai da ƙarafa a farashin banza. Wutar lantarkin Najeriya ta nuna yadda abin ke cakuɗewa: a Nuwamban 2013 aka miƙa kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa, amma kowanne da yankinsa babu abokin gasa, hukuma ce ke sa kuɗin wuta, manyan layukan dakon wutar kuma suna hannun gwamnati. Ɗan gurguzu zai ce ga sakamakon sayarwa, ɗan libaral zai ce ba a taɓa buɗe kasuwar ba, mai mita a Kano ko Gusau kuwa har yanzu ba shi da wani kamfanin da zai koma in bai gamsu ba, sai dai janareta ko sola in yana da hali.